Sandar Hajiya a Rairayin Rockaway

A shekarar da na gama digirina na biyu, ina kwana a kan doguwar kujerar falon kawuna a Harlem ina jiran wani ya kira ni aiki, aka kawo kakata daga Katsina don a cire mata yanar ido. Ita ta haifi mahaifiyata, ita ta haifi kawun nawa. Kawu direban tasi ne, matarsa kuma, wadda muke kira Anti, 'yar Nima ce ta Accra, tana aikin kula da tsofaffi a gidajensu. Dukkansu fita suke da sassafe. Ni kaɗai ne ba ni da inda zan je, don haka ni aka bar wa Hajiya: kai ta asibiti, ɗiga mata magani, hana ta sosa ido.

Sunan mijinta aka sa mini, shi ya sa tun ina jariri ba ta taɓa faɗin sunana ba. Maigida take ce mini. Ranar da aka buɗe mata ido na biyu, ta daɗe tana kallona a gaban likita, sannan ta ce, "Ashe haka Maigidan nawa yake? Wuya kamar na zabo. Da na sani da na bar yanar inda take."

Shi ainihin maigidan, kakana, ban riske shi da wayo ba. Falken shanu ne, yana kai su Ikko a jirgin ƙasa ya dawo da goro, ya dawo kuma da labari. A zamanin nan ba kowa ya taɓa zuwa kurmi ba, don haka in ya sauka, zaurensa cika yake. Wata rana, Hajiya tana amarya, ta kawo tuwo bakin zaure ta tsaya bayan bango tana jiran a zo a karɓa, sai ta ji yana gaya wa mutane cewa ruwan teku yakan tashi da kansa ya tafi, ya bar ƙasa a fili, nisan kamar daga gida zuwa masallaci, sannan kafin yamma ya dawo inda yake. Ba hadari, ba ruwan sama, ba wanda ya kira shi.

Dariya ta kufce mata. Ba ƙaramar dariya ba, irin wadda ake ji har bakin titi. Zaure ya yi tsit, sannan kowa ya kama. Daga ranar, in mutum ya faɗi abin da ba a yarda da shi ba a unguwar, sai a ce masa, "To, sai ruwa ya dawo." Kakana bai yi mata faɗa ba. Cewa kawai ya yi wata rana zai kai ta ta gani da idonta. Haihuwa ta zo, fari ya zo, shanu suka ragu, ƙafarsa ta fara ciwo. Har ya rasu bai kai ta ba. Ko da ta je Makka, kujerar tsakiya aka ba ta a jirgi, ba ta ga komai ba sai ƙeyar wata Hajiya.

Saura 'yan kwanaki ta koma gida, muna cin abincin dare, ta ajiye cokali ta ce tana son a kai ta teku. Ba yawo za ta je ba, in ji ta. Za ta je ta ga ko Malam, wato kakana, ƙarya ya yi.

"Hajiya, gaskiya ne paa," in ji Anti. "Mu a Accra kullum muna gani. Ruwan ya tafi, ruwan ya komo."

"Ke surukar gida ce. Dole ki kare uban mijinki."

Na ciro waya na ce akwai bidiyo, in tana so. Na fara yi mata bayanin wata da yadda, bisa ga abin da masana suka fi rinjaya a kai, yake jan ruwa.

"Wata?" Ta juya ga Kawu. "Ka ji ko? Kakansa ruwa kawai ya sa ya yi tafiya. Wannan ya hau sama ya ɗauko wata."

Ya kamata in faɗi wani abu game da kaina a nan, ko da yake ban tabbata zan faɗe shi daidai ba. Ni mutum ne da in na shigo da riga a jiƙe aka tambaye ni ko ana ruwa a waje, cewa nake da alama. Karatu ya ƙara mini wannan hali, don a can an koya mini kada in rubuta jimla ba tare da na bar mata ƙofar fita ba. Hajiya ta gano ni tun makon farko. Takan ce kakana gishiri yake ƙara wa magana, ni kuma tsame shi nake har miya ta zama ruwa.

Kawu bai so tafiyar ba. Likita ya ce a kiyaye iska, a kiyaye ƙura, kada ruwa ya taɓa idon. Amma ba a musu da uwa a kan tabarmar cin abinci, sai ya huce a kaina.

"Ka kai ta, ta gani, ka dawo mini da ita kafin la'asar. In ko ƙwayar rairayi ɗaya ta shiga idon nan, kai za ka kira Yaya, uwarka, ka yi mata bayani, ba ni ba."

Na kwana biyu ina shiri. Na karanta yadda igiyar ruwa take jan mutum ciki, na karanta abin da ake yi in ta ja shi, na daina karantawa don abin ya fara ba ni tsoro. Na zaɓi Rockaway saboda jirgin ƙasa na layin A yana tashi daga tashar 125th Street ya nufi can, ba sai na yi ta hawa da sauka da tsohuwa a matakala ba. Sannan na yi wata dabara da na ji daɗinta ƙwarai a lokacin. Na duba lokacin da ruwan yake janyewa, na shirya mu isa a daidai nan. Tunanina shi ne, ruwan da yake tafiya ba zai cim ma tsohuwa ba. Za ta ga yana ja da baya, ta yarda, mu ci abinci, mu kamo hanya kafin rana ta yi zafi.

Anti ta cika mana kula da wake da shinkafa irin nasu, da yajinsu baƙi, da dafaffen ƙwai. Na ɗauki darduma biyu, lema, ruwan sha, maganin ido, da kujerar naɗewa da na aro wurin wani Bazinderen da ke sayar da huluna da tabarau a kan titinmu. Hajiya ta sa baƙin gilashin da asibiti suka ba ta, wanda ya rufe rabin fuskarta, ta ɗauki sandar ƙarfe da su ma suka ba ta, muka fita.

Tafiyar tana da tsawo. Jirgin ya daɗe a ƙarƙashin ƙasa, Hajiya tana jan carbi tana ƙare wa mutane kallo daga bayan gilashi. Can sai muka fito fili, gidaje suka gajarta, sai ga ruwa dama da hagu, jirgin yana tafiya a tsakiyarsa kamar a kan zare. Ciyawa ce tsibi-tsibi a cikin ruwan, da fararen tsuntsaye masu dogon wuya a tsaye.

"Ga balbela," in ji ta. "Ina shanun?"

"Ina jin waɗannan kifi suke ci."

"Balbela da kifi. Kowa ya zo ƙasar nan sai ya canza sana'a." Ta matsa kusa da taga. "Wannan ne tekun?"

"Ba shi ba ne tukuna. Wato, a wata fuskar shi ne, ruwansa ne ya shigo, amma..."

"Maigida, shi ne ko ba shi ba ne?"

"Ba shi ba ne."

"To ka gani, ba ka mutu ba."

Abin da ya fi damuna tun a gida shi ne shigar mutane a bakin ruwa. Saboda haka na sauke mu a tashar da na ji an ce ba cunkoso, muka bi shimfiɗaɗɗiyar hanyar siminti da ke bin gaɓar, ina ƙoƙarin tsayawa tsakaninta da duk wanda ya taho. Ban yi nasara ba. Wani dattijo mai tumbi ya wuce mu da ɗan kamfai, jikinsa ja kamar an yaɓa masa manja.

"Wannan ne likita ya gyara mini ido in gani?"

Sai hanyar ta karkata, tudun rairayi ya ƙare, ga shi nan.

Ta tsaya riƙe da sanda, iska tana kaɗa mata mayafi, ni kuma ina ta juya lema don in tare iskar. Ruwan ba shuɗi ba ne kamar na hoto, toka-toka ne da kore, yana tasowa ya naɗe ya fashe fari, da wata ƙara da ba ta yankewa. Can nesa wani jirgin ruwa yana tsaye kamar an manta da shi. Na ga leɓenta yana motsi. Da ta gama, ta ce, "Ina ɗaya gaɓar?"

"Babu. Wato akwai, amma sai an kai wajen ƙasashenmu."

"Malam ma haka ya ce." Ta gyara gilashi. "Wannan ban yi masa dariya ba. Mu je."

Muka gangara a hankali, rairayi yana cika mini takalmi. Takalmin da na saya don zuwa neman aiki ne, da safa, don ban ga dalilin da zai sa in taɓa ruwa ba. Na kafa kujera a busasshen wuri, nesa sosai. Hajiya ba ta zauna ba. Ta kama hannuna ta ja ni har inda rairayin ya jiƙe ya daɗe kamar daɓen ɗaki. Ta tsaya tana kallon kumfa tana zuwa tana komawa, ta bar ta ta zo sau da dama, har ta gane iyakar inda take kaiwa. Sai ta ɗaga sandarta da hannu biyu ta soka a nan, ta murɗa ta har ta zauna daram.

Na san abin da take yi, don na taɓa gani ina yaro. A garinsu, in damina ta yi ƙarfi gulbi ya kawo, ba a tsayawa musu kan ko yana ƙaruwa ko yana raguwa. Kara ake kafawa a bakin ruwan, a tafi, a dawo a tambayi karan.

"Hajiya, sandar asibiti ce."

"Yau ta samu aikin yi. Kai ni kujera."

Dabarata ta yi aiki yadda na tsara. Kafin mu gama shan ruwa, kumfa ta daina kaiwa gindin sandar. Jim kaɗan ta bar ta da taku da yawa. Duwatsun da aka jera suka shiga cikin ruwa kamar katanga suka fara fitowa, baƙaƙe, da gansakuka. Na bari rana ta ɗan ɗaga, sannan na ce, da murya irin ta wanda ya ci jarrabawa, "To Hajiya, kin gani. Ya tafi."

"Na gani."

"Sai mu ci abinci mu kama hanya."

Ta sauke gilashin kaɗan ta dube ni ta samansa. "Maigida, wane ruwa ne ba ya tafiya? Gulbinmu duk rani tafiya yake. Rijiya ma tana tafiya. Ni ban yi wa tafiya dariya ba. Dawowar na yi wa."

Na duba waya a ɓoye, ko da yake na riga na san abin da zan gani. Ruwan bai ma gama tafiya ba. Sai bayan azahar zai tsaya, kuma kafin ya dawo inda sandar take, la'asar ta wuce. Na yi mata bayanin wannan a hankali, na kawo maganar Kawu, na kawo maganar likita, na ce wataƙila za a iya sake zuwa wata rana, duk da mu biyun mun san akwatinta a ɗaure yake.

"Ka ga na hana ka tafiya? Tashi ka tafi. Ni ba ni da sanda."

Haka muka zauna.

Ba zan ce ban ji daɗin komai a wunin nan ba, amma rabin hankalina yana kan idonta. Duk iskar da ta taso sai in juya lema. Na ɗiga mata magani a ƙarƙashin mayafi kamar masu ɓoye wani abu. Ita kuwa kallo take kamar an biya ta. Wasu samari suka wuce da alluna dogaye a ka, suka shiga ruwa, suka yi ta hawa suna faɗowa.

"Waɗancan ƙyauren gidan wa suka ciro?"

Akwai wasu 'yan tsuntsaye ƙanana masu saurin ƙafa, in kumfa ta koma su bi ta a guje suna tsattsaga rairayi, in ta juyo su ruga. Ta ce 'yan tallan tasha ke nan, mota ta tsaya su rufe ta, ta tashi su watse. Bayanmu kuma an kewaye wani yanki da igiya an kafa alluna. Na karanta mata: wurin wasu tsuntsaye ne da suke ƙwai a rairayi, an hana kowa shiga.

"Duk wannan filin na tsuntsu ne?"

"Sun yi ƙaranci ne, ana kare su."

"Tsuntsu da fili har da shinge, mijina da digiri biyu yana kwana a falo."

Da muka buɗe kula, sai ga manyan fararen tsuntsayen nan na bakin teku sun fara sauka ɗaya-ɗaya, suna tafiya gefe-gefe kamar ba mu suke nufi ba. Na ce mata an ce kada a ba su abinci. Ta ce ba ta taɓa cin abinci wata halitta tana kallonta ta hana ta ba, ta jefa loma ɗaya. Ban san daga ina sauran suka fito ba. Kafin in miƙe sun rufe mu da ihu, ɗaya ya sauko ta kafaɗata ya zare ƙwan da ke hannuna. Na yi ta kaɗa darduma ina cewa "Kai! Kai!" Hajiya tana dariya har gilashi yana zamewa.

"Shirwa ce ta sa farar riga. Kai kuma ka tsaya kana ba ta haƙuri."

Azahar ta yi. Ta ce da ruwan tekun za ta yi alwala. Na ce a iya sanina ya halatta, amma fuska, amma idon. Muka daidaita: na ɗebo mata a gora ta wanke hannu da ƙafa, fuska kuma da ruwan sha. Ta ɗanɗana na gorar ta tofar. "Gishirin ma ya faɗa," in ji ta, ba da ni take ba. Alƙibla a nan ta sa mun ba ruwan baya, don haka ta ƙi mu yi salla tare. Sai ɗaya ya yi, ɗaya yana gadin sanda.

A lokacin gadina ne abin ya faru, kuma har yau ina ganin da na fi mai da hankali da bai faru ba. Wani abu na gani a jiƙaƙƙen rairayi kusa da mu, kamar an kifar da tasa ta juye, da ƙafafu da yawa suna motsi a sama da doguwar wutsiya kamar tsinke. Irin kaguwar nan ce mai ƙoƙo, ruwa ya tafi ya bar ta a rigingine. Ina tsaye ina tunanin ko doka ta yarda a taɓa ta, ko wutsiyar tana harbi, Hajiya ta sallame, ta rarrafo, ta sa takalminta ta juya ta. Abar ta ja ƙoƙonta ta nufi ruwa tana barin layi a bayanta. Muna kallonta, sai muka ji murya a kanmu.

Wata baturiya ce mai gudun motsa jiki, tana haki, tana murmushi, riƙe da sandar Hajiya. Ta ga sandar can ita kaɗai, ta ga tsohuwa ba sanda, ta ciro ta kawo mana.

Na yi mata godiya. Me zan ce? Hajiya ma ta yi mata murmushi ta ce, "Allah ya shirye ki, 'yar nan," matar ta dafa ƙirji don jin daɗi ta ci gaba da gudunta.

Na ruga da sandar. Allah ya taimake ni ramin yana nan, rairayi bai gama rufe shi ba. Na mayar da ita na dawo ina haki.

"Ka matsar da ita kusa da ruwa."

"Wallahi a raminta na sa."

"Jininsa ne kai, kuma sauri kake mu tafi. Koma ka dawo da ita baya. Ƙara. Ƙara dai."

Sai da na matso da ita sama fiye da inda take da farko ta yarda. Na lissafa a raina abin da wannan ya ƙara mana na jira, ban faɗa ba.

Bayan nan wuri ya yi shiru. Ruwan ya kai iyakar tafiyarsa ya tsaya can nesa, rairayi ya bushe a gindin sandar har ya yi fari, iska tana wasa da shi. Sandar tana tsaye ita kaɗai a fili kamar ba ta taɓa ganin ruwa ba. Hajiya ta daina tsokana. Carbin yana hannunta amma ba ta ja. Ta daɗe haka, sannan ta ce, ba tare da ta dube ni ba, "Ya yi nisa."

"E."

"Ko na Ikko daban ne da wannan." Ta dubi sandar. "Ranar da zai rasu, da safe, ina ba shi kunu, ya ce mini, har yanzu ba ki yarda ba ko? Da wasa ya faɗa. Ni ma da wasa na ce, sai ruwa ya dawo." Ta goge gefen bakinta da mayafi. "In na zo har nan kuma bai dawo ba fa?"

Na buɗe baki, kuma na ji su duka sun taso sun yi layi a maƙogwarona: bisa ga al'ada, galibi, in ba a samu wani canji ba. Na haɗiye su.

"Zai dawo."

Ta juyo. "Ba wataƙila?"

"Babu."

"Ba da alama?"

"Zai dawo, Hajiya. Zai wuce sandar ma."

Waya ta yi ƙara a aljihuna. Kawu ne, daga cikin tasi, ina jin hon a bayansa. Ya tambaya ko mun kusa 125th. Na ce muna bakin ruwa. Ya ce me muke yi har yanzu. Na ce muna jiran ruwa ya dawo, kuma ba za mu taso ba sai ya dawo. Bai nemi bayani ba, don shi ma a gidan nan ya tashi, ya san maganar. Can ya ce, "Idon fa?" Na ce idon lafiya lau, ina tsaye a kansa. Ya ce in mun gama in kira shi, zai zo ya ɗauke mu da mota, kada in sake sa ta a jirgi.

Ban san daidai lokacin da ya juyo ba. Ba a ganin juyowarsa. Duwatsun nan baƙaƙe na lura sun fara raguwa, sannan layin da kaguwa ta bari ya ɓace. 'Yan tsuntsayen talla suka matso kusa da mu. Wasu da suka shimfiɗa tawul can ƙasa suka tashi suna ja da baya da kayansu. Hajiya ta gani, carbi dai ya ci gaba da tafiya. Muka yi la'asar bi da bi. Rana ta karkata, ruwan ya canza launi, ya yi kamar an zuba masa mai.

Kumfar farko da ta nufi sandar ta tsaya saura kaɗan ta koma. Ta biyu ba ta ma kai nan ba.

"Kunya yake ji," in ji Hajiya.

Sai wata babba ta taso, ta fashe, ta shimfiɗo a guje a kan busasshen rairayi, ta zagaye gindin sandar, ta wuce ta, ta ja da baya tana barin rami a kewayenta. Na dubi Hajiya. Ta ɗaga hannu alamar in yi shiru. Ta jira wata, da wata, har ruwan ya daina barin sandar gaba ɗaya, tana tsaye a cikinsa tana rawa.

Sannan ta cire gilashin. Na yunƙura zan yi magana, na fasa. Ta dubi ruwan da idonta tsirara, sababbin idanun da aka gyara mata, ta ce a hankali, "Ya dawo, Malam."

Ba ni take kira Malam ba. Na dai tare mata iska da jikina. Ruwa yana gangaro mata a kumatu, na ce a raina ai likita ruwan waje ya hana.

Ita ta fara dawowa daidai. Ta mayar da gilashi, ta ja hanci, ta nuna da haɓa. "Maigida, sandar mutane za ta tafi Ikko."

Gaskiya ne, ta karkata. Na tsaya cire takalmi, na ga ba lokaci, na shiga da shi, da safa, da wando. Sanyin ya soke ni har ƙashi. Na kai hannu ke nan wata igiya ta buge ni a gwiwa, rairayi ya zame a ƙarƙashina, na zauna daɓas a cikin Tekun Atlantika riƙe da sandar asibiti a sama kamar tuta. Daga nan na ji dariyar. Ban taɓa jin ta a baya ba, amma na gane ta nan take. Ita ce wadda aka ji har bakin titi.

Muna hawa tudu a hankali, takalmina yana kuka a kowane taku, ta tsaya ta huta a kan sandar ta waiwaya.

"Wannan dai ya faɗi gaskiya," in ji ta. "Amma kifin da ya ce ya fi ɗakinmu girma, yana feso ruwa ta ka, wannan kam ƙarya ce."

Ni ma na waiwaya. "To, Hajiya, ban gani da idona ba, kuma ba zan ce kullum ba ne, amma an ce a 'yan shekarun nan, daga nan inda muke tsaye, wani lokaci..."

"An fara," ta ce, ta miƙo mini hannu. "Kira kawunka."